Taƙaita sunan marubuci a jerin manazarta

Ɗaliban digiri na biyu sun tattauna wannan a Samaru, ga abin da aka tsayar. Kada ka taƙaita suna da hannu. Shigar da cikakken suna a Zotero ko Mendeley (manhajojin tsara manazarta), ka zaɓi salon rubuta manazarta na APA, shi zai mayar da Abubakar Tafawa Balewa ya koma Balewa, A. T. Masu LaTeX (manhajar tsara rubutu) kuma su sa umarnin giveninits=true a biblatex, ɓangaren da ke tsara musu manazarta.

Inda aka fi jan magana shi ne sunayenmu. Kwamfuta ba ta san "Ɗan" ba, sai ta yanke sunan Usman Ɗan Fodiyo ta bar Fodiyo, U. Ɗ. Don haka a rubuta Ɗan Fodiyo duka a gurbin sunan ƙarshe. Sunan hukuma kuwa, gurbi ɗaya ake ba shi, in ba haka ba Jami'ar Ahmadu Bello ta zama Bello, J. A.