Alƙalin wasanmu ya rasu ya bar min littafinsa, in buɗe shafukan ƙarshe ko in bari?

Mai Taswira:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa saka baki ba, yau dai abin ya fi ƙarfina. Ku yi haƙuri da tsawon bayanin.

Mu biyar ne. Mun fara wasan Traveller a 1998, babbanmu yana da shekara 18. Yayan ɗayanmu ne ya bar wasu ƙananan littattafai uku masu baƙin bango, tare da kwali guda na littattafan zane da ƙagaggun labaran kimiyya, shi ya gama yayinsu. Ga wanda bai san wasan ba: takarda ce da fensir da dais biyu irin na ludo, sai baki. Mutum ɗaya ne alƙali, duniyar duka tana kansa. Shi zai faɗi abin da kuke gani, ku faɗi abin da za ku yi, a jefa dais, yawanci in ka samu 8 ko fiye ka haye. A labarinmu ma'aikatan wani jirgin sararin samaniya ne mu, ni ne mai taswirar jirgin. Akwai matuƙi, akwai likita, akwai injiniya. Na biyar ɗin shi ne alƙalinmu, Allah ya jiƙansa.

Jarumina na farko ko wasan bai shiga ba ya mutu. A tsarin asali sai ka bi rayuwar mutuminka zango-zango, kowane zango shekara huɗu na aiki, kuma kowane zango sai ka jefa dais a ga ko ya rayu. Nawa a zango na biyu ya tafi. Na ji haushi ƙwarai, alƙali ya miƙo min sabuwar takarda ya ce sararin samaniya ba ya bin kowa bashi. Taswirar ma shi ya zana a bayan tsohuwar kalanda. Ya yanko kwali mai kusurwa shida yana ɗorawa yana bi da fensir, gida 80, takwas a kwance goma a tsaye, kowace duniya da lambobinta a ƙasa da ƙaramin rubutunsa. A dokar wasan tsalle ɗaya na jirgi, wato tafiya daga wata duniya zuwa wata, mako guda yake ɗauka, ko kusa ko nesa, to shi da zarar jirginmu ya shiga tsalle sai ya rufe littafi ya ce mu dawo mako mai zuwa. Haka za mu yi kwana bakwai muna gardamar abin da za mu tarar. In zai faɗi mummunan labari sai ya gyara murya sau biyu, mu kuma cikinmu ya ɗuri ruwa.

Shekara uku muna ɗauke da wani akwati da aka ba jirginmu amana, ba mu san me ke ciki ba. A 2001 muka shiga tsalle na ƙarshe. Sai wasu abubuwa suka faru, ba mu sake zama ba.

Wata huɗu ke nan da rasuwarsa. Ƙanwarsa ta kawo min jaka ta ce shi ya ce a ba ni. A ciki akwai dais ɗin nan biyu, da taswirar, da littattafan zane kusan 60, da littafin rubutunsa. Shafukan ƙarshe ya haɗe su da fil na sitefila guda uku, ya rubuta a kai: "Kar a buɗe sai jirgi ya sauka."

Injiniya ya yarda mu ƙarasa. Likita yana nesa, ya ce sai dai ta waya. Matuƙi bai amsa saƙona ba. Ni kuma ban taɓa jan wasa ba a rayuwata. Maiɗakina ta ce ba na barci, kuma gaskiyarta ce. Littattafan zanen ma sun fara wari, takardar ta koma ruwan ɗorawa. Me zan yi?

Tsohon Alƙali:

Allah ya jiƙansa da rahama. Ƙanena, na fi shekara 25 ina jan wasa, don haka saurare ni da kyau. Buɗe shi yau. Alƙali ba ya jan abin da bai karanta ba. Wancan rubutun na kan fil ɗin da 'yan wasa yake, kai kuma tun ranar da jakar ta shigo hannunka ka tashi daga ɗan wasa. Da ba ya so ka karanta da bai aiko maka ba.

Na biyu, ajiye dokokin asali na 1977 a gefe. Kamfanin da ya buga su, GDW, tun 1996 ya rufe. Nemi bugun kamfanin Mongoose na 2016, har yanzu dais biyu ne, har yanzu 8 ake nema, amma komai a tsare yake, kuma in dais ya ƙi ka wajen ƙirƙirar jarumi hatsari kake gamuwa da shi ka bar aikin, ba a kashe maka mutum tun bai fito ba. Sabon alƙali ba zai iya da tsoffin littattafan nan ba, rabin abin da ake buƙata a kan marigayin yake.

Na uku, manta da matuƙi. Wanda yake so ba ya jinkirin amsa.

Littattafan zane kuwa, in na shekarun 1990 ne kar ka ɗaga hankalinka. An buga su kamar ƙasa. Littafin zanen X-Men fitowa ta ɗaya na 1991 kaɗai ya sayar da kusan kwafi miliyan 8. Kowa ya saya ya ɓoye yana jiran su yi daraja, shi ya sa ba su yi ba.

Uwar Biyu:

Malam Tsohon Alƙali, wa ya yi maganar sayarwa? Mutum yana maganar amanar abokinsa kana maganar kwafi miliyan nawa.

Ɗan'uwa, ni dai kar ka buɗe. Abin da aka buɗe ba ya rufuwa. Ni na san zafin wannan. Ina da jaka cike da littattafan zane tun ina firamare, har da waɗanda na zana da kaina, wata yarinya mai tuƙa kumbo zuwa duniyar Mas, na yi mata kashi goma sha ɗaya a littafin lissafi. Na tafi makarantar kwana na dawo aka ce an share ɗaki. Wadda ta zubar da su har yau ba ta san ta yi min wani abu ba, in na tayar da maganar sai ta ce takardun banza. Yanzu shekarata 41, akwai fuskar da nake zana wa yarinyar nan da na kasa tunawa, na gwada ya fi sau ashirin. 'Ya'yana kuma ko kallon takarda ba sa yi.

Mai Taswira:

Na gode Yaya Tsohon Alƙali, amma maganar sabon bugu ba za ta yiwu ba. Takardun jarumanmu suna nan a cikin littafin da rubutun hannunsa, da lambobin nan shida na ƙarfi da zafin nama da juriya da basira da ilimi da matsayi. In na canza doka ai wani wasan ne daban. Kuma matuƙi ba ƙi ya yi ba, bai amsa ba ne kawai. Shi ke tuƙa jirgin, ta yaya za a sauka babu shi?

Hajiya, Allah ya mayar miki da alheri. Na fahimce ki sosai.

Mai Ɗinkin Littafi:

Ni ban san wasan ba, ta takarda zan yi magana. Yawancin tsoffin littattafan zane a kan takarda irin ta jarida aka buga su, tana da sinadarin itace da ke sa ta yi tsami ta canza launi ta fara karyewa. Wannan ba ya komawa baya, sai dai a rage masa gudu. Warin kuma danshi ne, duba ko funfuna ta fara. Fito da su daga jakar yau, ka shanya su a inuwa inda iska ke ratsawa, kar rana ta taɓa su. Kowane ɗaya da ledarsa marar sinadarin tsami da kwali a bayansa, a jera su a tsaye, nesa da bango da ƙasa. Kar ka saka salatif ko'ina, kar kuma wani ya ba ka shawarar a liƙe taswirar nan da leda mai zafi, in an yi ba a cirewa. Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya.

Abin da ya fi damuna fil ɗin nan uku. Ƙarfe ne, tsatsa yake yi, tsatsar kuma tana cin takarda. Ko za ka karanta ko ba za ka karanta ba, ya kamata a cire su a saka shafukan a ambulan.

Tsohon Alƙali:

Ka ji ko? Ko mai takarda ya ce a buɗe.

Mai Ɗinkin Littafi:

Ban ce a karanta ba, Malam. Cewa na yi a cire fil.

Autan Teburi:

Baba Mai Taswira, me ya sa ba za ku yi ta intanet ba kawai? Ni duk wasannina a Roll20 nake yi, wani shafin intanet na irin waɗannan wasannin, akwai dais a ciki, za ka ɗora hoton taswirar kowa ya gani, likita ya shigo daga inda yake. Ni na fara da D&D ne, wato Dungeons & Dragons, wani wasan takarda da dais irin wannan, bugu na biyar, na 2014, kuma wallahi na gaji da yadda manya ke nuna mana kamar ba mu san komai ba don ba mu riƙe littafin da ya girme mu ba. Kwanaki na shiga wani teburi, da na ce ban taɓa yin tsohon bugu ba sai wani ya ce in zauna in yi kallo tukuna. Awa uku ina zaune.

Tsohon Alƙali:

Yaro, ba raini ba ne. D&D ya fito a 1974, Traveller ya biyo baya da shekara uku, kuma ba hanyarsu ɗaya ba. A naku jarumi hawa mataki yake yi yana ƙara ƙarfi. A wannan kana farawa ne da mutumin da ya riga ya ga duniya, mai shekara 34 ko 38, wataƙila da bashin jirgi a wuyansa, kuma saƙo ba ya gudun da ya wuce na jirgi, in ka yi nisa babu mai ceton ka. Wanda ya saba da wancan yana shan wuya a wannan. Amma a maganar intanet ina bayanka, a yi a gama.

Mai Taswira:

Ta waya ba zan ji ƙarar dais a kan teburi ba. Na san za ku ce ƙaramin abu ne.

'Yar Duniyar Wata:

Yaya, ka yi min afuwa, amma ka ba mu labarin kwalin da aka yanka da yadda yake gyaran murya, sai ka zo 2001 ka ce "wasu abubuwa suka faru". Wane abu ne? Mutane biyar ba sa barin wasan shekara uku ana saura zama ɗaya haka kawai. Kuma me ya sa kai ya aiko wa, bai aika wa matuƙi ba?

Mai Taswira:

Ban so shiga nan ba. Ranar da muka shiga tsallen ƙarshe ya fita ya bar littafin a kan teburi. Na ɗaga shafi. Layi biyu kawai na gani, kuma ba ma a kan akwatin ba ne, sunan tashar da za mu sauka ne da wata lamba. Matuƙi ya gan ni, da alƙali ya dawo ya faɗa masa a gaban kowa. Alƙali bai ce komai ba, ya tattara kayansa. Ni kuma na faɗa wa matuƙi maganar da bai kamata ba. Amma ku gane, shekarata 19 a lokacin, kuma kowa a teburin nan ya taɓa ƙoƙarin leƙawa, ni ne dai aka kama. Bayan haka jarrabawa ta zo, kowa ya kama gabansa. Ba wannan kaɗai ya raba mu ba. Da alƙali mun ci gaba da gaisawa har ƙarshen rayuwarsa, bai taɓa tayar da maganar ba.

Ban san ko kafin ranar ya saka fil ɗin ba ko bayanta.

Uwar Biyu:

To ai ka ga dalilin da ya sa na ce kar ka buɗe. Ya ba ka amanar a karo na biyu ne.

Tsohon Alƙali:

A'a Hajiya, ya yafe masa ne, shi ya sa ya ba shi. Ni alƙali ne, na san yadda muke tunani. Ba wanda ke rubuta ƙarshen labari don ya ruɓe a jaka. Na taɓa jan wasa shekara biyu, saura zama uku mutanena suka watse saboda ɗaya ya koma wani aiki, har yau ƙarshen yana cikin durowata, ba wanda ya taɓa tambayata me ke bayan ƙofar. Ko ɗaya. Da wani zai tambaya da na ji daɗi.

Ga mafita: in ba za ka iya ba, turo min hoton shafukan. Ni zan karanta, in ja muku zama ɗaya, kai ka zauna a kujerarka ta mai taswira.

'Yar Duniyar Wata:

Ni kuma a ganina littafin ba shi ne matsalar ba. Ka rubuta wa matuƙi ka ba shi haƙuri kan abin da ka faɗa masa, kar ka ambaci wasa sam. Saƙon da ka tura masa me ka ce a ciki?

Mai Taswira:

Na ce masa littafin yana hannuna, mu haɗu mu sauke jirgin. Ban ga abin da ya yi laifi a ciki ba. Shi ma ai yana da nasa, da ya ja ni gefe ya yi min magana da ba a kai nan ba.

Yaya Tsohon Alƙali, na gode da karamcinka har zuciyata, amma wanda bai san shi ba ba zai riga mu karanta rubutunsa ba. Injiniya ya ce shi zai iya karantawa ya ja wasan, sai dai in ya zama alƙali wa zai riƙe injin? Sai mu koma ni da likita a waya.

Autan Teburi:

Alƙali zai iya riƙe injiniyan ai, ana yi.

Tsohon Alƙali:

Ana yi amma ba ya kyau. Ƙanena, an ba ka shawara biyar ka ƙi biyar. Me kake so mu ce maka?

Mai Taswira:

Ban ƙi ba, ina tunani ne. Na fito da littattafan zanen na shanya kamar yadda Malam Mai Ɗinki ya ce, guda bakwai funfuna ta taɓa. Da na ɗaga littafin rubutun na duba, fil na tsakiya ya riga ya ci takardar, gefen shafin ya ɗan buɗe. Na ɗora masa wani littafi mai nauyi a kai. Wayata ta nuna matuƙi ya karanta saƙon tun shekaranjiya.

Malam Mai Ɗinki, in mutum zai cire fil ɗin ba tare da shafukan sun rabu ba, ta ina ake farawa?

Uwar Biyu:

Ka ba maiɗakinka ta cire, kai ka fita daga ɗakin.

Tsohon Alƙali:

Ita ma sai ta gani. Ka karanta kawai.