Wace kalma ta dace da waɗanda suka ɓalle daga jama'a a addini?

Ɗan Mokoyo:
Assalamu alaikum malamai. Masu labarun Hausa a gidajen rediyon Maradi, in sun ci karo da kalmar Faransanci "secte", wani ya ce ɗariƙa, wani ƙungiya, wani kai tsaye ya ce 'yan bidi'a. Wacce ce daidai?

Malam na Bagalam:
Wa alaikumus salam. Ɗariƙa ba ta shiga nan ko kaɗan. Ɗariƙa hanya ce ta sufaye mai shehi da wuridi da silsila, kamar Tijjaniyya da Ƙadiriyya, kuma mai ɗariƙa a nan Bamalike ne, bai bar jama'a ba. Mazhaba kuwa ta fiƙihu ce: saɓani a kan alwala, gado, ƙabalu ko sadalu. Kalmar da malamai ke riƙewa ita ce firƙa, jam'inta firaƙ, don rabuwar da ta taɓa aƙida. Ita ce a hadisin rabuwar al'umma kashi 73. Misalinta na farko Khawarij: sun fice daga rundunar Sayyidina Ali bayan yaƙin Siffin a 657 saboda ya yarda da sulhu, sannan suka kafirta mai babban zunubi. Mu'utazila ma sunansu daga keɓewa ya fito, tun da Wasil ɗan Aɗa ya tashi daga majalisin Hasanul Basari.

Amma "'yan bidi'a" hukunci ne, ba suna ba. Ɗan jarida ya faɗe ta da bakinsa, ya zama mai fatawa ke nan, kuma gobe sai ya sha ƙorafi daga rabin masallatan gari.

Hajiya Sabon Gari:
Allah ya gafarta Malam, firƙa sai wanda ya yi zaure ke gane ta. Ga mai saurare a kasuwa, "ɓangare" ko "ƙungiyar da ta ɓalle" sun fi sauƙi. A kuma lura, ga Kiristoci ɗariƙa ba zagi ba ce, haka suke cewa ɗariƙar Katolika.

Malam na Bagalam:
Gaskiyarki, Hajiya. In ƙungiya na da sunan da ta raɗa wa kanta, shi za a kira. Izala, da aka kafa a Jos a 1978, taƙaicin sunanta ne, don haka babu laifi. 'Yan Tatsine na Kano a 1980 kuwa laƙabi ne da mutanen gari suka liƙa wa mabiyan Muhammadu Marwa, wanda ake kira Maitatsine saboda yawan tsinuwarsa. Irin wannan sai a ce "waɗanda ake kira".