Idon Baba ya yi rawaya, likita ya ce hoton CT: mu yi ko mu dakata?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum. Mahaifinmu shekararsa 64. Bayan babbar sallah aka ce yana da suga, abin da bai taɓa yi ba. Yanzu ya rame har wando na zame mishi, ido ya yi rawaya, fitsari kamar baƙin shayi, ga ƙaiƙayi da dare. Likitan ƙaramin asibitin unguwarmu ya tura mu Asibitin Koyarwa na Danfodiyo a yi hoton CT (hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura), yana zargin kansar fankiriyas, wata gaɓa da ke cikin ciki. Yayanmu ya ce shawara ce, a jiƙa mishi saiwar rawaya na sati biyu tukuna. Kuɗin da ke hannuna na haya ne. Mi kuka gani?

Maman Ihsan: Allah ya ba shi lafiya. 

Hajiyar Arkilla: Ɗana, kada ka jira. Maigidana wata bakwai ana ce mishi olsa. Kullum mai kemis, kullum wani sabon kwali. Da dare sai ya zauna ya rungume filo ya duƙa gaba, ya ce haka kawai bayan ke lafawa. Da ido ya yi rawaya, 'yan uwansa suka hana asibiti, wai mai shawara ba a yi mishi allura. Ranar da aka yi hoton, likita ya ja ni gefe ya ce kansa ce, ta riga ta kai hanta, aiki ba zai yiwu ba. Sati shida ya ƙara. Kwalayen nan har yau suna cikin durowa, na kasa zubarwa.

Bawan Allah: Allah ya jiƙansa, Hajiya. CT dubu 75 muka biya.

Na Gwiwa: Yaushe? Watan jiya dubu 130 aka ce mini, ban da gwajin ƙoda. Ka yi sikanin ciki na dubu 8, duk hoto ne.

Ɗalibin Dakta: Ba ɗaya ba ne. Digirina na uku a kan gano wannan cutar da wuri a ƙananan asibitoci nake yinsa. Fankiriyas tana bayan tumbi, iskar hanji takan rufe ta a sikanin, shi ya sa ake son CT. A Ingila ƙa'idar likitoci ta 2015 ta ce wanda ya kai shekara 40 ya yi ciwon shawara a tura shi wajen ƙwararru da gaggawa, haka ɗan 60 da ke ramewa tare da sabon suga ko ciwon baya, a yi hoto cikin sati biyu. Baba ya haɗa biyun. Yana iya zama tsakuwar maɗaciya ko ciwon hanta, amma hoto da gwajin jini ke rarrabewa.

Na Gwiwa: Likita kake ko dakta na takarda? Nan Sakkwato ne, ba Landan ba.

Ɗalibin Dakta: Shekara tara ina duba marasa lafiya kafin in koma makaranta.

Sarkin Barkwanci: Ni fa da na ga fankiriyas na ɗauka ƙanwar fankasau ce.

Hajiyar Arkilla: Kai, ji tsoron Allah. Mahaifin wani ke kwance.

Maman Ihsan: Maganar Hajiya na fi ɗauka, ita ta yi jinya.

Bawan Allah: Masu kemis nake jin haushi. Yaron da bai gama sakandare ba, ka ce ciki, ya ce olsa; ka ce kai, ya ce taifot.

Mai Kemis Runjin Sambo: A yi mana adalci. Mutum ya kwana a layi bai ga likita ba, wajen wa zai zo? Rabin likitocin da na sani suna Saudiyya.

Na Gwiwa: Kai ma in ka samu biza tafiya za ka yi.

Ɗan Mabera: Na gode. To yaya zan shawo kan Yaya? Ya riga ya aika a sayo saiwar.