Ƙanƙarar da ke cin wuta: mene ne ainihin abin da ke ƙonewa?

Mushe Ɗan Ader (Tahoua):

Assalamu alaikum. Akwai bidiyon da ke yawo a wayoyin yara, an zuba ƙanƙara cikin kwano, an ƙyasta ashana, sai wuta ta tashi kanta kamar an zuba fetur. Ina so in nuna wa ƴan ajina a darasin shimi, in kuma yi masu bayanin da ba na ƙarya ba. Me ake sawa a ciki? Nawa ake sawa? Kuma a ina haɗarin yake? Ba mu da ɗakin gwaji, filin makaranta ne kawai.

Malama Mai Shimi (Yamai):

Wa alaikumus salam, Mushe. Fara da gaya wa yaran cewa ƙanƙara ba ta ci. Ruwa shi ne abin da ke saura bayan haidurojin ya ƙone cikin oksijin, wato ruwa toka ne, toka kuwa ba ta sake kamawa. Abin da ke ci gas ne da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙanƙarar.

A yawancin irin bidiyon nan karbur ne aka ɓoye a gindin kwanon, wannan dutse mai ruwan toka da masu walda ke jefawa a tukunyar gas. Sunansa a littafi CaC₂. Da ya taɓa ruwa ga abin da ke faruwa:

CaC₂ + 2H₂O → C₂H₂ + Ca(OH)₂

C₂H₂ shi ne asetilen, shi ke cin wuta. Ca(OH)₂ kuma shi ne farin taɓon da ke saura a kwano, irin farin da ake shafe bango da shi.

Inda abin ke da daɗin koyarwa shi ne lissafin zafi. Giram 64 na karbur tsantsa yana buƙatar giram 36 na ruwa, wato kowane giram ɗaya na shan ɗan fiye da rabin giram na ruwa. Amma wannan giram ɗayan yana fitar da zafi kusan kilojul 2, wato jul 2,000 (jul ma'aunin yawan zafi ne), kuma jul 334 ke narkar da giram ɗaya na ƙanƙara. Ka ga ke nan yana narkar da giram 5 zuwa 6, kusan ninki goma na abin da yake sha. Shi ya sa da zarar ɗigon farko ya sauka, abin ke ciyar da kansa: ruwa ya ba da zafi, zafi ya ba da ruwa. Ƙanƙarar aiki biyu take yi. Tana ɗiga wa karbur ruwa kaɗan-kaɗan kamar famfon da ba a buɗe sosai ba, tana kuma shanye zafin da da ya tafasa ruwan ya watso maka farin taɓo a fuska.

Karbur na kasuwa ba tsantsa ba ne, mai kyau yana ba da wajen lita 300 na gas a kilo. Giram 5 ya ishe ka, dunƙule biyu ko uku kamar ƙwayar gujiya, za su ba ka kusan lita ɗaya da rabi. Kada ka wuce haka don neman burge yara.

A waje za a yi, a bayan bangon da ke tare iska. Samu kasko na yumɓu ko faffaɗan kwanon ƙarfe mara zurfi, busasshe ƙarau. Ɗauki karbur da cokali busasshe ka aje a tsakiya, ka rufe shi da ƙanƙarar da aka farfasa kamar girman goro, kaurin yatsa biyu ko uku. Kunna kan dogon kara, mai tsawon mita ɗaya, tun kafin ka zuba ƙanƙarar. Da ka ji ya fara tsuwa, cikin daƙiƙa 10, miƙa karan daga gefe, ba daga sama ba. Yara su tsaya mita 3 baya, kai kuma da tabarau na kariya.

Wutar rawaya ce mai haske da baƙin hayaƙi. Dalili, kashi 92 cikin 100 na nauyin asetilen kabon ne, kuma kowace lita ɗaya tana son wajen lita 12 na iska kafin ta ƙone tas. Iskar ba ta samun shiga da saurin haka, sai ragowar kabon ya yi ja ya ba da haske, sannan ya tashi baƙi. Tara farin faranti can sama da harshen wutar na daƙiƙa biyu, ka nuna wa yara baƙin da ya kwanta. Wannan kaɗai hujja ce cewa ba ruwa ke ci ba, tunda babu kabon a cikin ruwa.

Baba Mai Walda (Katako):

Malama ta gama lissafi, sauran na hannu. Ɗana, ka duba karbur ɗin tun wurin saye. Mai rai dunƙule ne mai tauri kamar tsakuwa, idan ka kusanto da hanci za ka ji warin tafarnuwa. Wanda ya koma farin gari ya riga ya sha damshin iska, ya mutu, kuɗinka ne a banza. Kada kuma ka daka mai kyau don ya yi sauri. Gari na sakin gas ɗinsa gaba ɗaya lokaci guda, wutar ta yi tsalle har ƙirji.

Abu uku ne ke raunata mutane.

Na farko rufi. Kada a sa karbur da ruwa cikin kwalba, ko bidon, ko gwangwani mai murfi, ko da wasa. Gas ɗin ba ya tsayawa don an rufe shi, sai ya fasa abin. Shi asetilen ma ba ya son matsi, ko babu iska a tare da shi yana iya fashewa da kansa, shi ya sa a bututun walda ba a bari matsinsa ya wuce kusan bar ɗaya (bar ma'aunin matsi ne). Ka faɗa wa yaran nan wannan da babbar murya, don na san halin yara, gobe wani zai nemi kwalbar lemo ya gwada bayan gida.

Na biyu jinkiri. Idan an zuba ƙanƙara aka tsaya neman ashana, gas ya taru cikin kwano ya gauraya da iska, ƙyastawa ɗaya sai ka ji "fum", ƙanƙara ta watse. Haka idan iskar hunturu ta hure wutar, gas bai daina fitowa ba. Ko ka sake kunnawa nan take da dogon karan, ko ka ja baya ka bar shi ya ƙare.

Na uku ruwa. Idan abin ya fi ƙarfinka, hannu zai kai ga buta, to buta ƙara masa abinci take. Bokitin busasshen rairayi za ka aje kusa, shi ake kifawa.

Kwanon ma a lura: ban da tiren tagulla ko na jan ƙarfe irin na shayi. Roba za ta narke, gilas kuma na iya tsagewa tsakanin zafi da sanyi.

Malama Mai Shimi (Yamai):

Gaskiyar Baba ce, ga lambobin da ke bayanta. Asetilen yana kamawa idan ya kai kashi 2.5 cikin 100 na iska, kuma bai daina ba har sama da kashi 80. Gas ɗin girki, butan, tsakanin kusan 2 da 8.5 kawai yake kamawa. Bokiti mai lita 20, rabin lita na asetilen ya isa ya mai da iskar cikinsa abin fashewa, wato karbur ƙasa da giram 2. Shi ya sa na ce kwano mara zurfi. Batun jan ƙarfe kuwa, asetilen na haɗuwa da shi, da azurfa ma, ya ba da wani gishiri mai fashewa idan ya bushe aka buge shi. Warin tafarnuwar ba na asetilen ba ne, na dattin da ke ciki ne, musamman fosfin, wanda guba ne. Dalili ke nan da ba a yi cikin aji ko an buɗe tagogi, kuma shi ne dalilin da ake hana nunar da mangwaro da ayaba da karbur.

Mushe Ɗan Ader (Tahoua):

Allah ya saka, Malama da Baba. Idan an zuba ƙanƙarar amma shiru, ba tsuwa, me ya jawo? Sannan wani ya ce da alkol na farmasi ma ana yi. Wanne ya fi sauƙi?

Ƙanin Injiniya (Yamai):

Mushe, in karbur ɗin mai rai ne, to ƙanƙarar ce ta yi sanyi da yawa. Wadda aka ciro yanzu daga firigo tana wajen digiri 18 ƙasa da sifili, jikinta a bushe yake, babu ɗigon da zai fara aikin. Bar ta a inuwa har ta fara sheƙi. A zafin Tahoua na watan Afrilu minti biyu ma ya yi yawa. Kada ka leƙa da fuska don ganin abin da ya hana.

Alkol kuwa wata hanya ce daban, babu sabon abu da ake ƙirƙira a cikinta. Ka zuba cokali biyu na shayi, wajen mililita 10, na mai digiri 90 (wato kashi 90 cikin 100 alkol ne) a kan dunƙulen ƙanƙara cikin faranti, tururinsa ne ke ci. Matsalarsa saurin mutuwa. Alkol tsantsa sai ya kai digiri 13 na zafi yake ba da tururin da zai kama, wanda ruwa ya surka ya koma kashi 40 cikin 100 kuwa sai ya kai wajen 26. Ƙanƙara tana sanyaya shi tana kuma surka shi a lokaci guda, don haka daƙiƙa kaɗan wutar ke yi. A nan ne ake kuskuren da ya fi kowanne muni. Harshen wutar shuɗi ne mara ƙarfin haske, da rana ba a ganinsa, mutum ya ɗauka ta mutu ya karkato kwalba don ƙarawa, wuta ta bi tururin ta shiga kwalbar ta feso. Auna naka a ƙaramin kofi, rufe kwalbar, kai ta nesa kafin a kunna komai. A filin makaranta da rana tsaka ni karbur giram 5 na fi yarda da shi, don wutarsa kowa na ganinta.

In wani yaro mai kai ya tambaye ka ko akwai ƙanƙarar da ke ci ba tare da dabara ba, akwai mai kama da haka. A ƙarƙashin teku mai zurfi da cikin daskararriyar ƙasar Saiberiya, sanyi da matsi na sa ƙwayoyin ruwa su yi keji su kulle gas ɗin metan a ciki, kusan ƙwayar ruwa 6 ga ta metan ɗaya. Dunƙulen fari ne kamar ƙanƙara, lita ɗaya tana sakin wajen lita 160 na gas. Japan ta yi gwajin haƙo gas ɗinsa daga ƙarƙashin teku a 2013. Ko a nan ma metan ne ke ci, ruwan kuwa ɗiga yake ƙasa.

Baba Mai Walda (Katako):

Saura shara. Idan wuta ta mutu kada a taɓa kwanon, a bar shi a fili har tsuwa ta ɗauke, sannan a ƙara ruwa mai yawa daga nesa, don wani lokaci farin taɓon na lulluɓe ɗan guntun da bai gama ba. Taɓon nan yana cin fata, a ido kuwa ya fi muni. In ya fantsama, a yi ta zuba ruwa mai tsabta minti 15 ba tsayawa, sannan a tafi likita. A haƙa rami a binne shi inda awaki ba sa kaiwa. Ragowar karbur a sa a gwangwanin ƙarfe busasshe, a ɗaga shi sama nesa da randa, kuma kada ya kwana a makaranta.