Tayar baya ta Shadow 750: sabuwa ko tokumbo?

Abban Khadija: Salamu alaikum 'yan uwa. Tayar bayan mashin ɗina Honda Shadow ta suɗe, tsakiyarta kamar sanƙo, ga damina ta kama. Lambarta 160/80-15, wilin kuma mai sifok ne, sai da tif. Duk Juma'a nake zuwa Zariya daga Kawo. An yi mini tayin Shinko 777 sabuwa, da kuma Michelin Commander tokumbo da ta fi ta sauƙi. Wacce zan ɗauka?

Sarkin Gudu: Sa tubles ka huta da masu faci.

Abban Khadija: Na ce fa mai sifok ne, iska za ta bi ta ramukan ta fita.

Baba Na Rigasa: Ɗana, ka ji tokumbo ka gudu. Bara na sayi ɗaya wurin wani dillali, haƙoranta raɗau, an goge ta da mai tana ƙyalli. Kwana tara kacal. Ina dab da Maraban Jos na ji bayan mashin yana rawa, kafin in ce me, taya ta dare ta gefe. Na ja ƙasa har cikin ciyawa, ƙashin kafaɗa ya karye, wata biyu ina hannun mai ɗori, matata ke sa mini riga. Da mai faci ya cire ta sai ya nuna mini lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen tayar: 1814. Wato mako na 18, shekarar 2014 aka ƙera ta. Roba ta bushe, ya lanƙwasa ta duk tsaga. Na koma wa dillalin, wai ƙaddara ce.

Injiniya Mando: Allah ya kiyaye gaba, Baba. Michelin da kansu cewa suke taya ta kai shekara biyar a riƙa duba ta duk shekara, ta kai goma a cire ko da ba ta ci ba. Amma iskar nawa ka sa? Ƙarancin iska ma na sa ta yi zafi ta fashe.

Baba Na Rigasa: Ina hawan mashin tun ba a haife ka ba, za ka koya mini iska?

Sarkin Gudu: Baba, Bajaj da Shadow ba ɗaya ba ne fa 😂

Ɗan Panteka: Shinko ɗin nan dubu 130 na saya wa maigidana.

Injiniya Mando: Yaushe? Ni dubu 210 aka ce mini, sai an kawo daga Legas.

Ɗan Panteka: To an ga gilashinka ne, yallaɓai.

Abban Khadija: Jama'a, tif ɗin ma in canza, ko tsohon zai yi?

Maman Ummi: Ni dai maigidana nake bibiya a nan. Ku ce masa ya sayar ya sayi mota.

Sarkin Gudu: Taya ma ai mai sauƙi ce. Shekaranjiya aka tare ni a shatale, wai ɗan acaɓa ne ni. Mashin mai nauyin bijimin sa, kujera ɗaya, wa zan ɗauka? Takardu cif, hular kwano a kaina, amma sai da na yi awa biyu a rana.

Baba Na Rigasa: Nawa ka bayar?

Sarkin Gudu: A bar maganar, Baba.

Abban Khadija: Tif ɗin fa?