Neman shawara: tsohuwar talabijin ɗin mahaifinmu, ƙimarta da gyaranta

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu watanni huɗu da suka wuce, kuma cikin kayan da ya bari akwai talabijin ƙirar National, baƙi da fari, irin mai akwatin katako da ƙofofi biyu da ake ja a rufe fuskarta. Ya saye ta ne da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, a tsakiyar shekarun 1970, lokacin yana ma'aikacin gwamnati, kuma na taso na ga yaran unguwa suna cika tsakar gidanmu bayan sallar isha'i saboda ita. Ta fi shekara 25 a ɗakin ajiya. Yanzu za a raba gado, ana son a yi mata kuɗi, wani ɗan jari-bola har ya taya, amma zuciyata ba ta yarda a fasa ta don a cire jan ƙarfen cikinta ba. Yaya ake ƙimanta irin wannan kaya, kuma za ta gyaru?

Tsohon mai gyaran rediyo:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Malam, roƙona na farko shi ne kada ka jona ta da wuta don ka ga ko tana aiki, domin a nan ne mafi yawan irin waɗannan akwatuna suke mutuwa. Akwai kafasita a cikinta, wato ƙananan na'urori masu tara wuta, waɗanda suke bushewa idan sun daɗe ba a kunna ba, kuma da zarar wuta ta shige su gaba ɗaya sai su fashe ko su ƙona taransifoma, wadda samun irinta yau sai an tona. Mu idan aka kawo mana, sai mun busa ƙurar hunturun da ta taru, mun duba ko ɓera ya ci wayoyi, sannan mu ba ta wuta ta cikin ƙwan lantarki irin na da mai zare. Idan ƙwan ya haska da ƙarfi ya tsaya a haka, akwai matsala a ciki, sai a cire nan take.

Kada kuma ka buɗe bayanta da kanka. Tulun gilashin da ke nuna hoto yana aiki da wutar da ta haura bolt 10,000, yana kuma iya riƙe ta bayan an zare soket. Wannan tulun shi ne ran talabijin ɗin: in yana da sauran haske, sauran duk gyara ne, in kuwa wuyansa ya tsage, to an daina ƙera irinsa, sai dai a ciro daga wata tsohuwa.

Wata 'yar Daura:
Allah ya gafarta masa. Yaya, ka duba ƙasan katakon da kyau, saboda tamu gara ce ta cinye ta daga ƙasa alhali samanta lafiya lau. Kada ka bari kafinta ya kankare ta ya shafa sabon fenti, domin masu neman kayan da sun fi son launin asali, da maɓallanta, da takardar lambar da ke manne a baya. Tsumma mai laushi da ɗan man goge katako sun isa.

Malamin makaranta, Ƙofar Ƙaura:
Game da ƙima, gaskiya kasuwarta a nan Katsina ƙarama ce, kuma farashin da ake gani a intanet na masu tara kayan tarihi ne a Turai da Amurka, waɗanda ba za su biya kuɗin dakon kaya mai nauyi da saurin fashewa haka ba. Shawarata ita ce a samu mai gyara da dillalin tsofaffin kaya su faɗi farashi a gaban magada da malamin da zai raba gadon, idan kowa ya aminta sai a sa ta cikin kasonka. Darajarta ta tarihi kuwa ba ƙarama ba ce, tunda a 1959 aka fara talabijin a Ibadan, ta Kaduna ta biyo baya a 1962, NTA kuma sai a 1977, wato akwatin Baba ya girmi NTA, ya kuma girmi jihar Katsina da aka kafa a 1987.

Tsohon mai gyaran rediyo:
Na manta abu ɗaya. Kafar eriya kaɗai gare ta, don haka dikoda ba za ta shiga kai tsaye ba. Ka nemi tsohon bidiyo mai kaset, a jona dikodar a jikinsa, shi kuma ya tura hoton ta wayar eriya, muddin akwatin yana kama tashoshin UHF, wato zangon da bidiyon ke tura hotonsa a kai.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba ɗazu da tocila: gara ta taɓa ƙafa ɗaya kawai, takardar lambar tana nan, maɓallin UHF ma akwai. Zan sanar da yayyena shawarar Malamin makaranta ranar Juma'a, kafin in nemi wanda zai zo gida ya duba tulun, don ba na son a ɗora ta a Keke Napep.