Faya-fayan metal da manya suka rufe: wanne ya kama ku?

Bazazzagi: 'Yan'uwa, duk wanda ya leƙa kiɗan tirash, wato reshe mai tsananin gudu na metal (kiɗan rok mai nauyin jita), ya san ƙungiyoyin Metallica, Slayer, Megadeth da Anthrax. A kan na bayansu nake tambaya: wane faifai ne da ba a cika ambatonsa ba ya shiga ranku, kuma ta yaya kuka haɗu da shi? Nawa *Lightning to the Nations* ne na Diamond Head, 'yan garin Stourbridge a Ingila, 1980. Jin cewa Metallica sun sake buga waƙoƙinsu ne ya sa na neme shi. Diamond Head da kansu suka fitar da shi, cikin farar jaka, ba hoto ba jerin waƙoƙi. Sautin siriri ne, kana ji ka san ba kuɗi aka zuba ba, amma amshin jitar nan ya hana ni sakat. A nan na gane inda Lars Ulrich, makaɗin gangar Metallica, ya sha nono.

Bakano: Yaya, ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. *Darkness Descends* na Dark Angel. Rashin sa'arsa guda ce: a 1986 ya fito, shekarar *Master of Puppets* na Metallica da *Reign in Blood* na Slayer, to wa zai waiwaye shi? Wani abokina mai gyaran waya ne ya tura mini a memori. Jin farko ban tsinci komai ba sai hayaniya. Shi ne ya ce in manta da mawaƙin, in bi makaɗin ganga kaɗai. Gene Hoglan ke nan. Da na kasa kunne ga gangunan ƙafa biyun, sai na ji ashe kowane bugu a gurbinsa yake, gudun ne kawai ya fi ƙarfin kunnen da bai saba ba.

'Yar Damagaram: Ni *Finished with the Dogs* ne na Holy Moses, 'yan Aachen a Jamus, 1987. Na daɗe ina saurare da zaton namiji ke rerawa, sai da na ga bidiyo na san mace ce, Sabina Classen. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. A gidanmu ba mai jure wannan kiɗan, don haka sai dare ya yi, na gama aiki, nake sa iyafis. Abin da ke ba ni haushi, in ana zancen tirash ɗin Jamus sai a ce Kreator, Sodom, Destruction, a tsaya.

Ɗan Kumasi: Ƙanwata, gaskiyarki. Ni kuma wanda nake yi wa kishi *By Inheritance* ne na Artillery, 'yan Denmak, 1990. Flemming Rasmussen ya haɗa musu sautin, shi ne dai wanda ya yi aiki da Metallica a *Ride the Lightning* da *Master of Puppets*. Kafin faifan, Artillery sun je wasa Tarayyar Sobiyet har Tashken, kuma kana jin ƙamshin gabas a jitarsu, tana lanƙwasa tana hawa tana sauka. Mu da muka tashi da fina-finan Indiya a zango, kunnenmu ya riga ya san wannan karin. Na taɓa kunna shi a shago, wani dattijo da ke jiran ɗinkinsa ya ɗago kai ya ce, "Yaro, wannan ai kamar na Larabawa." Bai so ihun mawaƙin ba, ya faɗa mini haka, amma bai ce in kashe ba. A ganina da faifan nan ya fito a 1986 da yanzu da manya ake lissafa shi. Ya zo a makare, kasuwar tirash ta fara ja da baya, kuma ba a jima ba ƙungiyar ta watse.

Bazazzagi: Ban taɓa jinsa ba, Malam. Yau da dare zan nema, in Allah ya yarda.

Ɗan Jos: Bakano, ka yi haƙuri, ni Dark Angel gudu ya yi musu yawa, waƙoƙin sai su riƙa kama da juna a kunnena. Coroner nake so, 'yan Zurik a Suwizalan. Su uku ne kacal, kuma sun yi wa ƙungiyar Celtic Frost ɗaukar kaya kafin a san su. Ina ɗan taɓa jita, to na zauna da *No More Color* na 1989 ina son kwaikwayon amshi guda. Yatsuna na kaiwa, amma sai na tarar lissafin bugun yana sauyawa a tsakiyar hanya, dole ka ƙirga da baki kafin hannu ya bi. Wanda zai fara da su, ya fara da wannan, sannan ya wuce *Mental Vortex* na 1991, inda suka rage gudu suka bar bes ɗin, jita mai kaurin murya, ya fito fili.

Bakano: Na ji, ɗan'uwa, amma ka sake ba Hoglan kunne da iyafis mai kyau, lasifikar waya tana cinye gangunan ƙafa. Ni kuma zan gwada Coroner ɗinka a wannan makon.